Kundin aiki: fentin inuwa a kan mayaƙan Ansar guda 40

2 ga Nuwamba, 2024

Kaya sun iso. Kwali ɗaya na ƙananan mutum-mutumin mayaƙan Ansar na Mahadin Sudan, shekarun 1881 zuwa 1885, ƙirar kamfanin Perry Miniatures, roba mai tauri, sikelin milimita 28 (kusan tsayin kowane ɗaya ke nan), mutum 40. Niyya ita ce a gama su duka da fentin inuwa, wato fentin nan mai ruwa-ruwa, shara-shara, wanda ba ya rufe launin da ke ƙarƙashinsa. Gangarawa yake yi ya taru a lunguna da ninkin tufafi, ya bar tudu da haske. Iri biyu ne a hannu. Akwai mai tsananin ruwa na masu yin fenti Citadel da suke kira Shade: Nuln Oil baƙi, Agrax Earthshade ruwan ƙasa mai duhu, Seraphim Sepia mai ɗan rawaya, Druchii Violet ruwan shuni-shuni. Akwai kuma mai ɗan kauri, Contrast, wanda ya fito a 2019, shi yana ba da launi da inuwa a shafa ɗaya: Skeleton Horde, Cygor Brown, Snakebite Leather. Kowace kwalba mililita 18. Sai ruwan sirki guda biyu, Lahmian Medium da Contrast Medium, waɗanda fenti ne da babu launi a cikinsa.

Waɗannan mayaƙa ba su da sauƙi ga irin wannan fenti, domin abu biyu ne suka cika jikinsu: farin yadi da baƙar fata. A kan fari kowane kuskure yana fitowa ɓaro-ɓaro, a kan duhu kuma inuwar ɓacewa take yi. An raba su rukuni biyar, takwas-takwas. Kuɗin aiko da kayan daga waje ya kusa rabin duk abin da aka kashe, don haka babu halin zubar da ɗigo ko ɗaya a banza.

4 ga Nuwamba

Yanka da haɗawa. Kowane yanki yana da siririn layi inda mazubin ya haɗu, a gefen hannu, cinya da kan kai. Da fenti mai kauri ana iya rufe ido a wuce, amma fentin inuwa kamar ɗan tsegumi yake, duk inda ya sami tudu komai ƙanƙantarsa sai ya kwanta a gefensa ya zana shi. An kankare layukan da bayan reza, ba da kaifinta ba, don kada ta ci jikin. An wanke duka a ruwan ɗumi da ɗigon sabulun wanke-wanke, saboda maiƙon hannu yana sa fentin ya tattare.

5 zuwa 7 ga Nuwamba

Haɗawa kawai. Garkuwoyi an bar su daban, za a liƙa bayan fenti.

9 ga Nuwamba

An yi asarar yini. An fesa farin shafin farko a kan rukuni na ɗaya da misalin ƙarfe ɗaya na rana, gwangwanin yana nesa da kusan santimita 40. Iska a bushe take, rana da zafi, sai fentin ya bushe a iska kafin ya sauka. Abin da ya kwanta a jikin kamar tsakin gero ne, ana jin kaushinsa da yatsa. An gwada Seraphim Sepia a kan ɗaya don a ga ko za a iya wucewa haka, bai yiwu ba. Fentin inuwa yana buƙatar sumul ya gangara. A kan kaushi kowane ɗan tsaki yana riƙe nasa rabon, sai rigar gaba ɗaya ta rine ta koma launin shayi, tudu da kwari babu bambanci.

An jiƙa su takwas ɗin a sifirit na kemis cikin kwalba mai murfi, awa uku, aka goge da tsohon buroshin haƙori. Sifirit ba ya cin irin wannan roba. Mashi biyu sun karye wajen gugar, an mayar da su da gam.

11 ga Nuwamba

An sake fesawa da sassafe kafin rana ta yi ƙarfi, daga nesan santimita 20 zuwa 25, an kaɗa gwangwanin minti biyu cur. Feshi gajere-gajere, ana wucewa da hannu, ba a tsayawa wuri ɗaya. Ya fita sumul. An fesa cokulan roba guda shida tare da su don gwaji, saboda cokali yana da tudu da kwari, kuma in ya lalace ba a yi asarar komai ba.

14 ga Nuwamba

Gwajin farin yadi. Tufafin Ansar na auduga ne saƙar hannu, wanda a Sudan ake kira damur, ba fari fat ba ne, yana da ɗan ja-ja na ƙasa. Don haka inuwar da ake nema mai ɗumi ce, ba toka ba.

Agrax Earthshade kai tsaye daga kwalba ya yi duhu ƙwarai, rigar ta zama kamar an tsamo ta daga kwata. Seraphim Sepia kai tsaye ya fi dama, amma rawayarsa ta yi yawa. Daga nan aka sirka da ruwan famfo, ɗigo ɗaya na fenti da uku na ruwa, nan ne matsala ta biyu ta fito. Fentin ya daina gangarawa, ya tsaya ƙwallo-ƙwallo, da ya bushe sai ya bar zobe mai duhu a gefen kowane ɗigo, a wasu lungunan kuma wani farin gari kamar kanwa. Dalilin shi ne a cikin fentin akwai sinadarin da ke sa shi ya baje da kuma danƙon da ke riƙe launin. Ruwa mai yawa yana raunana su duka biyun, launin ya rasa mai riƙe shi, sai ya bi ruwan zuwa gefen da ke fara bushewa ya taru a can. Ruwan sirki na kwalba yana rage ƙarfin launin ba tare da ya rage waɗannan biyun ba.

Haɗin da aka tsaya a kai: ɗigo ɗaya na Skeleton Horde, ɗigo uku na Contrast Medium, a shafe rigar duka. Bayan ya bushe, ɗigo ɗaya na Agrax Earthshade da biyu na Lahmian Medium, a sa da bakin buroshi lamba 1 a cikin ninki masu zurfi kaɗai: hammata, ƙarƙashin ɗamara, inda mayafi ya hau kan kafaɗa. A ƙarshe a dawo da farin fenti mai kauri a kan tudun ninkin. Shafa uku ke nan, ba ɗaya ba kamar yadda aka zata da farko, amma ta biyu da ta uku ba sa wuce minti huɗu a kan mutum ɗaya.

15 ga Nuwamba

Rigunan rukuni na ɗaya sun kammala.

17 ga Nuwamba

Inuwar ninkin rukuni na biyu ta bushe tana sheƙi kamar an shafa man gyaɗa. An manta ba a kaɗa kwalbar ba. Sinadarin da ke kashe sheƙi yana kwanciya a ƙasa in kwalba ta kwana biyu a ajiye, sai buroshi ya ɗebo na saman da babu shi. Haɗarin bai tsaya nan ba: in aka ci gaba da ɗiban na sama, abin da zai rage a ƙasan kwalbar zai cika da sinadarin, shi kuma ya riƙa barin fari a lungu. An jefa ɗan dutsen ado na gilashi a kowace kwalba don ya taimaka wajen kaɗawa. Ƙwallon ƙarfe na boris bai dace ba, tsatsa zai yi ya ɓata launin. Sheƙin da ya riga ya fito ba a taɓa shi ba, fentin rufi na ƙarshe zai kashe shi.

20 ga Nuwamba

Fata. Nan aka fi daɗewa.

Gwaji na farko, Cygor Brown kai tsaye a kan farin shafi. Launin yana da ƙarfi sosai, ya fita kusan baƙi, tsokar ƙirji da ta hannu duk sun nutse, a gwiwa da kan hanci kuma inda fentin ya janye sai fari yana leƙowa. Daga nesan hannu mutumin kamar an zana shi da gawayi. Gwaji na biyu, an sirka shi ɗaya da biyu. Tsoka ta fito, amma tudun ya yi fari-fari kamar fatar da hunturu ya busar ba a shafa mata mai ba. Gwaji na uku, ruwan ƙasa mai kauri sannan Nuln Oil a kai. Wannan ya fi muni. Baƙar inuwa tana kashe ɗumin fata, ta mayar da ita toka-toka.

Abin da ya bayyana shi ne, da fenti shara-shara, launin da ke ƙasa shi ne hasken da za a gani a tudu. In ana son tudun ya zama ja-ja mai ɗumi, dole a fara shimfiɗa ja-ja mai ɗumi. Saboda haka aka shafe fatar da fenti mai kauri launin jar ƙasa, shafa biyu marasa kauri, aka bar shi ya bushe sarai. A kai aka sa Cygor Brown ɗigo ɗaya da Contrast Medium ɗigo biyu. Sannan Druchii Violet sirkin ɗaya da ɗaya a ƙarƙashin haɓa, kwarmin ido, tsakanin yatsu da tsakiyar baya. Shunin ba ya fitowa a matsayin shuni, zurfi kawai yake ƙarawa, fatar ta yi kamar da jini a cikinta. Don kada duka 40 su zama launi ɗaya kamar 'yan gida ɗaya, an bambanta shimfiɗar ƙasa: wasu jar ƙasa, wasu an ƙara ɗan rawaya, wasu an ƙara duhu. Inuwar saman ba a canza ta ba.

Gashin mutanen Beja, ƙabilar gabashin Sudan da ke cikin mayaƙan, wanda yake a tsaye cunkus, shi ne wuri mafi sauƙi a duk aikin. Toka mai duhu, Nuln Oil a kai, an gama.

21 zuwa 23 ga Nuwamba

Fatar rukuni na ɗaya da na biyu. Babu matsala.

25 ga Nuwamba

Hunturu ya kankama, fentin yana bushewa kafin a kai ƙarshen riga. A kan mayaƙa uku na rukuni na uku an sami layi mai duhu a tsakiyar baya, daidai inda aka tsaya don ɗebo ƙarin fenti. Gefen shafar farko ya riga ya fara kamawa, shafa ta biyu ta hau kansa, wurin ya zama ninki biyu. A kan na huɗu an yi ƙoƙarin gyara wani taruwa bayan kamar minti biyu, buroshin ya yage fatar da ta fara yi a sama, ya bar farin tabo da baƙin zobe kewaye da shi. Wannan ba ya gyaruwa da ƙarin inuwa. Sai an jira ya bushe, a rufe wurin da farin fenti mai kauri shafa biyu, a sake daga farko.

Matakan da aka ɗauka. An koma buroshi lamba 3 mai babban ciki, wanda ke ɗaukar abin da zai ishi riga ɗaya a ɗiba guda. Ana fara shafa daga wani iyaka na zahiri a ƙare a wani, misali daga wuya zuwa ɗamara, daga ɗamara zuwa gefen riga, don in ma layi zai fito ya faɗa cikin ninki. Ana jan fentin zuwa inda ake son duhu, domin inda buroshi ya ɗaga nan yake barin mafi yawa. Buroshi na biyu mai ɗan danshi yana hannun hagu, da an ga taruwa a gefen riga ko tsakanin ƙafafu sai a taɓa shi da bakinsa ya tsotse, amma a cikin daƙiƙa talatin na farko kawai. Bayan haka, hannu ya kauce.

An kashe fanka, an rufe taga, an ajiye kwanon ruwa da jiƙaƙƙen tawul a gefen tebur. An ƙara ɗigo ɗaya na ruwan jinkirta bushewa a cikin ɗigo goma sha biyu na haɗin. An gwada ɗigo uku a kan cokali, washegari yana nan yana danƙo, ƙura duk ta manne. Waɗanda aka shafa ana kifa musu roba mai murfi har su bushe, saboda ƙurar hunturu in ta sauka a ɗanyen fentin inuwa, launin yana taruwa kewaye da kowace ƙwaya.

28 ga Nuwamba

An gyara huɗun da suka lalace. Rukuni na uku ya kamo sauran.

1 ga Disamba

Faci. Jibbar Ansar ta samo asali ne daga rigar masu gudun duniya mai faci-faci. A farkon yaƙin facin na gaske ne, tsumma a kan tsumma. Sai a zamanin Halifa Abdullahi, bayan rasuwar Mahadi a 1885, ya zama ado mai tsari, murabba'i masu launi a jere daidai. Da yake waɗannan na shekarun farko ne, lokacin yaƙin Shaikan a 1883 da na Tamai a 1884, an yi facin ba tsari, biyu ko uku a riga, wasu ma babu. Labarin bai yi nisa da mu ba, tun da Hayatu ɗan Sa'idu, jikan Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, ya yi wa Mahadin mubaya'a daga Balda a ƙasar Adamawa.

An gwada zana faci da fenti shara-shara, bai yi ba, yana malalewa ya wuce iyaka ya bi ninkin rigar. Faci sai da fenti mai kauri, shuɗi, ja, baƙi, sannan a zagaye gefensa da siririn layin Agrax Earthshade don ya zauna a kan yadin kamar ɗinki.

4 ga Disamba

Ƙarfe da fata da itace. Ruwan takobi da kan mashi: fentin azurfa mai duhu, Nuln Oil kai tsaye ba sirki, sannan a goga azurfa mai haske a kaifi. Nan ma, kamar a gashi, baƙar inuwa ta yi aikinta ba gardama. Kube, ɗamara da layu: Snakebite Leather shafa ɗaya a kan fari. Kotar mashi da gindin bindigogin Remington: Cygor Brown sirkin ɗaya da ɗaya.

Garkuwa ta ba da wahala kaɗan. Faffaɗa ce mai sulɓi, babu lungun da fenti zai gudu ya ɓuya sai kewayen cibiyarta, don haka yana bushewa da gajimare-gajimare. An kwantar da su a kan tebur maimakon a tsaye, aka yi shafa biyu masu sirki ɗaya da uku a madadin ɗaya mai kauri. Ɗan gajimaren da ya rage an bar shi, ya yi kama da ƙirgi.

8 ga Disamba

Gwajin inuwar fentin mai a kan mayaƙa biyu na rukuni na biyar, don a ga ko za ta kauce wa matsalar saurin bushewa. An fara rufe su da fentin rufi mai sheƙi, aka bar shi kwana ɗaya. Aka dama fentin mai na masu zane, ruwan ƙasa mai duhu, gwargwadon ƙwayar shinkafa biyu, a cikin rabin ƙaramin cokali na ruwan tsarma shi marar wari. Da an taɓa bakin buroshi a ninki, sai ya bi layin da kansa har ƙarshe. Bayan minti ashirin aka goge tudun da audugar kunne mai ɗan danshin ruwan tsarmawar. Babu zobe ko ɗaya, kuma ko bayan awa guda ana iya gyara.

Gargaɗi ga mai son gwadawa: tinar masu fentin mota ba ita ba ce. An ɗiga ta a kan guntun robar da aka yanke mayaƙan daga jiki, nan take saman ya narke ya yi danƙo. In ta taɓa mutum-mutumin, fuska da yatsu sun tafi.

Aibin fentin mai shi ne jira. Kwana biyu kafin a iya sa wani abu a kai, ga kwana ɗaya na rufin farko. Ga farin yadi ya fi kyau, babu tantama. Ga fata bai ƙara komai ba. Sauran shida na rukunin za a yi rigunansu da shi, fatar kuma a bi tsohuwar hanya.

9 zuwa 13 ga Disamba

Rukuni na huɗu da na biyar. Ana liƙa garkuwoyi.

15 ga Disamba

Lissafin abin da ya tafi. Contrast Medium ya kusa ƙarewa, shi ne aka fi sha, kuma da an sani da kwalba biyu aka saya tun farko a bar Seraphim Sepia, wanda bayan gwajin ranar 14 ga Nuwamba ba a sake buɗe shi ba. Skeleton Horde ya tafi kashi ɗaya cikin uku, Cygor Brown kusan haka, Nuln Oil da Druchii Violet ko kwata ba su yi ba. Agrax Earthshade ya tafi rabi, amma yawancinsa a kan tebur ya zube lokacin da hannun riga ya ture kwalbar. Yanzu kowace kwalba tana zaune a cikin ramin da aka yanka a soso. Buroshi ɗaya ya mutu: fentin inuwa yana hawa gashi har cikin ƙarfen da ke riƙe shi, ya bushe a can, bakin ya rabu biyu. Wanda ake ji da shi kada a tsoma shi ya wuce rabin gashi, a kuma wanke da sabulu kafin a tashi.

An haɗa ruwan sirki na gida don ƙarasa aikin: mililita 10 na danƙon akirilik marar sheƙi na masu zane, mililita 10 na tataccen ruwan da ake ƙara wa batir (ba asid ba), ɗigo biyar na sinadarin sa fenti ya baje. A kan cokali ya yi daidai da Agrax Earthshade. Da Skeleton Horde bai kai na kwalba ba, launin bai janye daga tudu sosai ba.

19 ga Disamba

Fentin rufi marar sheƙi, da buroshi, shafa ɗaya siririya. Ba a yi da gwangwani ba saboda abin da ya faru ranar 9 ga Nuwamba. Sheƙin rukuni na biyu ya mutu, yanzu ba a bambanta su da sauran. Rufin ya ɗan rage zurfin inuwar fata, shunin musamman, don haka a gaba za a ƙara masa ƙarfi kaɗan tun kafin rufi. Takubba sun dushe, an mayar musu da ɗigon rufi mai sheƙi.

22 ga Disamba

Gindi, wato ɗan faifan da kowane mayaƙi ke tsaye a kai: gam na kafinta, yashi da aka tankaɗe, fenti launin rairayi, Seraphim Sepia sirkin ɗaya da biyu (ashe yana da rana), sannan busasshen buroshi da launin ƙashi. Yashi yana shan fentin inuwa kamar soso, sai da aka fara rufe shi da gam mai ruwa ya bushe tukuna. An gama 32, saura 8 suna jiran yashinsu ya bushe.

Tutoci za a yi su da takarda, baƙa ɗaya, kore ɗaya, ja ɗaya, launukan halifofin Mahadi uku. Ba za a sa rubutun da ke jikin na ainihi ba, saboda akwai sunan Allah a ciki, kayan kuma a akwati suke kwana ana juya su da hannu.

Mataki na gaba sojojin Masar ne masu fararen kaya da jar dara. Farinsu na kanti ne, ba damur ba, don haka inuwar za ta koma toka mai ɗan shuɗi. An sa Apothecary White, fentin Contrast na farin yadi, a jerin saye tare da Contrast Medium kwalba biyu. Kafin su iso za a fesa cokula shida a gwada Nuln Oil sirkin ɗaya da biyar a kan rufi mai sheƙi.